Hular da Hansai Ta Warware

An ce wai a wani gari na ƙasar Zazzau, inda mata ke ɗinkin hula a tsakar gida kamar yadda maza ke noma a gona, an yi wasu mata biyu, ya da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbar sunanta Hansai, ƙaramar Barira. Uwarsu ta rasu Barira tana goye, Hansai ce ta raine ta, ita ce kuma ta fara ɗora mata allura a hannu.

Hansai mace ce marar magana. Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu, ta dawo gidan ubansu ta zauna a ɗakin uwarsu tana ɗinki. Barira kuwa baki gare ta kamar kalangu. Tana aure a unguwar, ita ke zuwa ta kwashi hulunan yayarta ta kai gidajen mutane. In an tambaye ta wa ya ɗinka, sai ta yi murmushi ta ce, "Aikin gidanmu ne." Da tafiya ta yi tafiya, aikin gidanmu ya koma aikina. Labari ya zo kunnen Hansai, ta ƙyale, don a ganinta suna ba tuwo ba ne, kuma ɗan'uwa rabin jiki.

Ana nan sai ciwon yanar ido ya fara rufe idon Hansai. Da ta ga duhu na matsowa, ta ƙudurta za ta yi hula ɗaya wadda ba a taɓa yin irinta ba. Akwai zogale a ƙofar ɗakinta, wanda inuwar ganyensa ke sauka a jikin bango da hantsi. Wannan inuwar ta zana a farin yadi, ta bi ta da zare kore da ruwan ƙasa, tana zama a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Tun damina take yi har wata damina ta kewayo. Ranar da ta soke allurar ƙarshe, da ƙyar take rarrabe koren zare da baƙi.

Barira ta zo ta gani, ta riƙe baki, ta ce za ta kai wa mutane su sha kallo. Hula ta bi hannu har ta kai ga Magajiya, yayar sarkin garin. Magajiya ta ce wadda ta yi wannan aiki ta zo gidanta ta koya wa 'yan matan gari, kuma a riƙa kiran zanen da sunanta. Barira ta ɗaura zanen fita ta tafi.

Wata rana Hansai tana zaune a bakin ƙofa, ta ji 'yan matan maƙwabta ta bayan katanga, ɗaya na tambayar ɗaya, "Ke, zanen Barira za ki yi, ko irin na da?" Sai ta ji kamar an soka mata allura a ƙahon zuciya. Ta aika aka kira ƙanwarta.

Ta ce, "Barira, ashe ke kika ɗinka zogalen nan?"

Barira ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya! Ke da ko zaure ba kya leƙawa, me suna zai yi miki? Ai in na ci, ke kika ci."

Hansai ta ce, "Kina da 'ya'ya cike da gida, za su kira sunanki bayan ranki. Ni wa zai kira nawa? Hular nan kaɗai na haifa."

Barira ta gyara mayafi ta ce, "To ni na hana ki haihuwa?"

Wannan maganar ce ta fitar da Hansai daga ɗakin da ta daɗe ba ta bari ba. Ta lalubi sanda, ta bi jikin katanga har zauren alƙalin garin, wani dattijo mai suna Malam Jibo, wanda aka sani da jinkirin magana.

Aka kira Barira, Magajiya ta aiko da hular. Alƙali ya tambayi Hansai shaidu. Ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni kaɗai ce a gidan, sai zogale." Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Barira kuwa mata suka yi ta shaida cewa a hannunta suka fara ganin hular. Har ta fito da wata sabuwa da ta fara kwaikwayo a kan ta farko, ta ce, "Allah ya gafarta malam, magana ba ta da tsawo. A ba ni allura da zare, a ba Yaya, kowa ya ɗinka a gaban jama'a."

Hansai ta sunkuyar da kai. Barira ta san abin da take yi, ta san yayarta yanzu ko zare ba ta iya sa wa allura.

Alƙali ya ga inda maganar ta tsaya. In ya bi shaidu, Barira ta ci. In ya bi gwajin ɗinki, Barira ta ci. Amma ya ga mai ido tana ɗokin gwaji, marar ido kuma ta tako zuwa shari'ar da ba ta da abin ci a cikinta sai suna. Ya ɗauki hular, ya juya cikinta waje, ya daɗe yana shafawa da babban yatsa. Can ya ce, "Ban ji ƙulli ko ɗaya ba."

Barira ta yi caraf ta ce, "Ai gidanmu ba ma ƙulli. Haka muka gada. In zare ya ƙare, sai a kwantar da bakinsa, sabon zare ya hau kansa ya danne shi."

Alƙali ya ce, "Madalla. Ke nan kowane zare yana ƙarƙashin na bayansa, guda ɗaya ne kawai ba a danne ba, shi ne na ƙarshe. To ba ɗinki nake so ba. Ɗinki kowa mai ido yana kwaikwayo. A warware mini hular nan, ba almakashi, ba aska, kada zare ya tsinke. Wadda ta ce ita ta yi, ta koma ta hanyar da ta biyo. Barira, ke za ki fara."

Barira ta karɓa. Ta duba baki, ta duba tsakiya, ta kai ta haske, ta ja wani zare ya ƙi. Gumi ya keto mata. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Allah ya gafarta malam, ba zan iya ɓata aikin nan ba! Wace uwa ce za ta yanka ɗanta?" Jama'a suka fara gyaɗa kai, wasu na cewa lalle wannan tausayin mai abu ne.

Alƙali ya sa aka miƙa wa Hansai.

Hansai ta riƙe hular a cinya. Ta san in ta warware, ba za ta sake ɗinka ta ba har abada. Ta san kuma in ta ƙi, za ta mutu ba suna. Ba ta ko sunkuya ba. Yatsunta suka tafi can gefen hula, ƙarƙashin wani ɗan ganye da ba wanda zai kula da shi, ta sa farce ta ciro bakin zare. Ta ja, ya biyo ta kamar ya san hannun.

Tana warwarewa tana magana, ba da kowa ba. "Nan na gama, ranar da na daina ganin kore. Wannan reshen lokacin da ruwa ya rushe katangar baya ne. Nan kuma ranar da Barira ta haihu, na ajiye allura na je na yi mata wankan jego, shi ya sa ɗinkin ya ɗan saki."

Alƙali ya ce, "Ya isa, baiwar Allah. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dakata haka, kada a rasa hular."

Hansai ta ce, "Allah ya gafarta malam, ka bar ni in ƙarasa. Abin da ya sa 'yar da na goya ta yi mini gorin haihuwa, ba zai hau kan kowa ba." Ba ta tsaya ba sai da farin yadi ya rage a cinyarta, da hujin allura, da tarin zare a gefe.

Sannan alƙali ya yanke hukunci. Ya ce, "Zane na Hansai ne, da sunanta za a kira shi. Amma 'yan matan gari ba su yi laifi ba, kuma mai zane ba ta gani. Barira, za ki koma gidan Magajiya ki ci gaba da koyarwa, kuma duk yarinyar da kika ɗora wa allura, da bakinki za ki gaya mata na wa ne."

Haka aka yi. Sunan Hansai ya bazu har garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Sai dai abin da 'yan mata suka koya kwaikwayon Barira ne, mai manyan ganye da reshe a sandare, don na gaskiyar ya koma zare. Barira kuma ba ta sake taka gidan ubansu ba, ko da salla, ko 'ya'yanta ba ta bari su je gaisuwa. In 'yan mata sun kawo wa Hansai aikinsu don neman albarka, sai ta shafa, ta ji ba nata ba ne, ta ce, "Allah ya yi albarka," ta mayar musu. Zaren kuwa ta naɗe shi a kara, yana nan ƙarƙashin matashinta har ta koma ga Mahaliccinta.

Shi ya sa dattawan garin suke cewa: shari'a tana ƙwato wa mutum sunansa, amma ba ta mayar masa da abin da ya ba da kafin ya ci ta. Ɗinki in ya warware ana naɗe zarensa, zumunta in ta warware ba a samun bakinta.