Ƙuri'ar Barira

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku, kuma ba ni zan raba ta ba.

A wata kwalejin horar da malamai an yi wata ɗaliba, Barira, mai tafiya a keken guragu. Kanta na ja, bakinta kuma ba ya mutuwa. Damuwarta ɗaya ce: ajinsu yana saman bene, kullum sai samari huɗu sun ciccibe ta da keken kamar buhun masara. Ranar da ƙafar ɗayansu ta zame, saura ƙiris su gangaro duka, sai ta ce wa aminanta uku, Lauratu da Tanimu da Ɗanjuma, "Wallahi na gaji. Gida zan koma." Ga shi saura wata biyu jarrabawar fita.

Lauratu ba ta da baki, amma tana da naci. A dokar makarantar, hukuma ba ta sauraron koke sai ɗalibi ɗari biyar sun sa hannu. Ta bi ɗaki-ɗaki, har layin ɗiban ruwa ba ta bari ba, sai da ta cika su.

Tanimu, uban surutu, shi ya shiga gaban hukuma. Kowa ya zaci zai cika su da Turanci. Ashe keken ya aro, ya bar Barira a benci tana yi masa tsiya. Ya tura shi gaban shugaban makaranta ya ce, "Ranka ya daɗe, a daure a zauna, a hau mana benen nan sau ɗaya." Dattijo ya dubi keke, sannan ya ce a sauko da ajin ƙasa.

To, ɗakin ƙasan tsohon sito ne mai yoyo, kuma an ce gyara sai baɗi. Ɗanjuma, ɗan kafinta, ya tara ɗalibai Asabar uku a jere. Suka kwashe tarkace, suka liƙe rufi, ya zuba gangaren siminti a bakin ƙofa don keke.

Ran Litinin Barira ta shiga aji da kanta, ba hannun kowa a kekenta. Ta yi kukan daɗi, ta ce wai siminti ne ya faɗa mata a ido.

Sai ga zaɓen shugaban ƙungiyar ɗalibai, kuma duka ukun suka tsaya. Kowannensu ya ce mata, "Ke dai zaɓi wanda ya kwanta miki," amma yana satar kallonta. Tana can gaban akwati, takardar ƙuri'a a hannu, ta kasa dangwalawa, don duk tana ƙaunarsu.

To jama'a, ƙuri'a ɗaya ce tak. Wa ya kamata Barira ta ba?