Jar Masarar Tungar Marke da Gurbin Karatu Guda

Ku matso kusa, ku ajiye hirarku a gefe. Labarin yau ba na dawa ba ne, na ofis ne, na masu albashi irin 'ya'yanku. In na kai ƙarshe zan kama bakina, ku ne za ku yanke hukunci.

A wata jami'a mai tsangayar aikin gona akwai sashen malaman gona, waɗanda aikinsu shi ne su ɗauki abin da masana suka gano su kai wa manoma har ƙauyukansu. A sashen nan akwai wani mutum, Malam Dayyabu, wanda ya daɗe yana aikin har furfura ta fara cin gemunsa. Mutum ne mai kaffa-kaffa. Zaman ofis ya koya masa cewa in abokin aiki ya cika yi maka fara'a, to ka bincika, wataƙila lokacin ƙarin girma ne ya ƙarato.

Wata shekara aka ba shi jagorancin gonar gwajin masara a wani gari a hayin kogi, Tungar Marke. Mutanen garin ba su taɓa sakin jiki da shi ba, don raɗe-raɗi ya bazu cewa fadamarsu jami'a take so, gonar gwaji share fage ce kawai. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan haka shi ne Malam Ɗanazumi, manomi mai iyali da yawa da ƙaramin rumbu. Ana gobe shuka, Dayyabu ya je ƙofar gidansa don ya lallashe shi, har ya riƙo wa yara ƙullin dabino.

Washegari da hantsi ya dawo, ya tarar gari ya yamutse. Ɗanazumi da 'ya'yansa duk suna kwance, sai amai, miyau na dalala, jiki na karkarwa. Kafin ya gama kafe babur ya ji wani ya ce, "Ga mai dabinon nan." Allah ya sa mai gari na kusa, ya ja shi zaurensa ya turo ƙofa, samari kuwa suka cika ƙofar da sanduna. Mai gari ya ce masa, "Malam, ka nemi mutanenka. In aka fito da gawa daga gidan can, ni kaina ba zan iya tsare ka ba."

Dayyabu ya buga waya ofis. Cikin waɗanda suka ji, wani ya ce yana da taro, wani ya ce wannan aikin 'yan sanda ne. Mutum uku kaɗai suka taso: Malama Hansatu mai kula da ƙungiyoyin mata, da Ƙasimu mai sha'anin iri da magungunan ƙwari, da Iliya mai kula da injunan gona. Da suka iso bakin kogi suka tarar ya fara kawo ruwa, don an kwana ana sheƙa shi a can sama, mota ba ta ƙetarewa. Iliya ya tsaya ya dubi ruwan, ya ce musu su yi gaba yana zuwa, ya juya da mota. Sauran biyun suka kalli juna, kowa ya ce a ransa gudu ya yi. Suka tsallaka a ƙafa, ruwa iya ƙugu.

Hansatu ba ta ko kalli taron mazan ba, ta kutsa cikin gidan Ɗanazumi, inda ba wani baƙon namiji da zai shiga. Ta lura matar gidan, Uwani, ita kaɗai ce a tsaye, kuma kukanta bai yi kama da na wadda aka yi wa sammu ba. Ta ja ta bayan ɗaki, ta yi ta lallashi, ta rantse mata ba za ta tozarta ta ba. Da ƙyar Uwani ta buɗe baki. Ashe rumbu ya ƙare tun tuni. Buhunan irin gonar gwaji sun taɓa kwana a zaurensu, ita kuwa ta kwance ɗaya ta ɗebi kaɗan ta ɓoye, mijin bai sani ba. Ta ga masarar ja ce, ta zaci rini ne, ta wanke ta sarai ta kai niƙa. Tuwonta suka ci jiya, suka yi ɗumame da safe. Ita ba ta ci ba, don ta bar wa yara nata rabon. Kunyar a ce ta taɓa abin da ba nata ba ce ta ɗaure mata harshe. Hansatu ta kwashe ragowar garin ta zuba a masai, sannan ta fito ta tsaya gaban masu sanduna ta ce ba dabino ba ne, iri ne mai magani ya shiga tukunya bisa kuskure. Da ba ta shiga gidan nan ba, da har yanzu dabino ake zargi.

Ƙasimu kuwa yana jin an ce jar masara ya san abin da ake ciki. Ya tarar an fito da marasa lafiyar zaure ana ƙoƙarin ɗura musu manja da nono, ya hana, aka taso masa da zagi, bai ja da baya ba. Ya sa aka kwantar da su a gefensu don kada amai ya shaƙe su. Ya kira likitan babban asibiti ya faɗa masa sunan maganin da ke jikin irin, da irin allurar da ke karya shi. Likita ya ce ba su da ita a hannu, amma zai aika a nemo kafin su iso. Daga baya likitan ya faɗa da bakinsa cewa da sai sun zo zai fara lalube, da ƙananan yaran ba su kai ba.

Sai dai sanin cuta da sanin magani ba su tsallakar da kowa kogi. Ruwa ya ƙaru har ya kai ƙirjin mutum, garin kuma ba shi da jirgi. Ana cikin wannan sai aka ji rurin inji. Iliya ne. Ashe gonar sashen ya koma ya tayar da tarakta, ya ɗaura mata tirela, ba tare da jiran izinin kowa ba, abin da kan iya cin aikin mutum. Ya ratsa ruwan, aka shimfiɗa marasa lafiya a tirela, ya sake ratsawa. A tsakiyar kogi ruwa ya ja tirelar gefe har mata suka fara salati, shi kuwa bai ɗaga ƙafa ba sai da ya haura tudu. Duk gidan Ɗanazumi suka rayu. Da labari ya iso, masu sanduna suka sulale ɗaya bayan ɗaya, mai gari ya buɗe zaure.

Bayan kaka shugaban sashen ya yi ritaya, aka naɗa Dayyabu a kujerar. Takardar labaran ma'aikata ta fito da hotonsa, a ƙarƙashinsa hoton mutum ukun nan, ana ta yabonsu. A shafin nan dai aka sanar cewa an ba sashen gurbi guda na ƙaro ilimi a ƙasar waje, kuma wanda ya je ya dawo shi zai zama babba a kan duk ayyukan ƙauyuka, iri da magani da ma'aikata duk a hannunsa. Shugaban sashe ne zai ba da suna. Su ukun duk suka nema, kuma kowa a ofis ya san a cikinsu za a zaɓa.

Nan fa halin Dayyabu ya motsa. Ya riƙa tambayar kansa, cikin duk ma'aikatan sashen, me ya sa su ukun nan ne suka zabura a ranar? Ƙaunarsa ce, ko kuwa mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as?

Abu na farko da ya ƙara masa zargi daga bakin mai gari ya fito. Ya zo taya murna, suna cikin hira ya ce, "Ni dai har yau ina mamakin yaron nan Iliya. Ranar da ya kawo irin gonar gwaji na buɗe masa ɗakin ajiya mai kwaɗo ina jira, sai na ji wai a zauren Ɗanazumi ya sauke kaya." Dayyabu ya kira Iliya ya tambaye shi. Iliya ya ce, "Ranka ya daɗe, hadari ne ya haɗo, gidan ne na farko a bakin hanya. Da na ƙarasa da iri ya jiƙe. Da sassafe na koma na kwashe." Haka ne, an yi ruwa a ranar. Amma Dayyabu ya tuna a yammacin nan ne Iliya yake da jarrabawar ƙarin girma a birni.

Na biyu da idonsa ya gani. Ya shiga sito neman wani abu, ya ci karo da ragowar irin. Buhuna ne farare irin na hatsin ci, babu jan rubutu, babu alamar gargaɗi. Ƙasimu ne ya cuɗa irin da magani, kuma sabon magani ne da ya koyo a wani kwas, yana gwada shi don binciken da yake rubutawa. Ba mamaki ya san sunansa tun kafin a gama faɗa. Da aka tambaye shi bai yi musu ba. Ya ce buhuna masu alama sun ƙare, ya nema sau da yawa ba a sayo ba, shuka kuma ba ta jira. Ya ce ya faɗa da baki cewa a kai su wuri mai kulle. Iliya ya ce shi bai ji ba. Har ya kai bakin ƙofa, Ƙasimu ya juyo ya ƙara da cewa, "Ai da an tara matan garin an yi musu bayani kamar yadda aka saba, ko a buɗe aka bar irin ba mai taɓawa."

Wannan maganar ta kai shi ga na uku. Aikin Hansatu ne kafin kowace shuka ta tara mata ta nuna musu iri mai magani, ta ja musu kunne. A shekarar nan ba ta yi ba. Ta ɗage taron ta tafi bita a birni, wadda takardar shaidarta tana cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Ta ce ofis ne ya tura ta, kuma ta yi niyyar yin taron ranar shuka. Dayyabu ya ce, "To garin masarar da kika zubar fa? Da an kai shi ɗakin bincike." Ta dube shi ta ce, "Yallaɓai, gida ne cike da yara da kaji, kowa hankalinsa ya tashi. In bar guba a ƙwarya?" Gaskiya ce. Amma kuma ita ce ta roƙi kowa a bar maganar a matsayin kuskure, kada a tona, wai don rufin asirin Uwani. Dayyabu ya kasa gane asirin Uwani ne kaɗai aka rufa, ko har da na wasu.

Ya yi kwanaki yana juya al'amarin. In ya tuna duhun zauren nan da ƙarar sanduna a jikin ƙofa, sai ya ji kunyar zarginsu, ya ce zato zunubi ne. In ya dubi hotonsu a takardar labaran suna murmushi, sai ya ji kamar sun haɗa baki ne, sun kashe wutar da suka kunna, ana kuma tafa musu. Ya gwada cire ɗaya a ransa, ya ga in babu shi yaran sun mutu, shi ma an kashe shi. Ya gwada cire sakacin ɗaya, ya ga in babu shi masarar ba ta kai tukunya. Kowannensu yana da hannu a ramin, kowannensu kuma ya miƙa hannun da ya fito da shi. Cikinsu babu wanda ya zo da kansa ya ce na yi kuskure, babu kuma wanda aka kama da ƙarya ƙiri-ƙiri.

Ya so ya tsallake su ya ba wani dabam, ya ga waɗanda suka rage su ne masu taro da masu jiran 'yan sanda. Ya so ya mayar da gurbin, aka ce in ya mayar ba a san ranar da sashen zai sake samu ba. Ga kwamiti yana jira, ga su ukun kowa na gaishe shi da safe da fara'ar da ba ya iya karantawa.

To, jama'a, na kawo ku inda Malam Dayyabu ya tsaya. Ga wadda ta tono gaskiya amma ta bar matan gari cikin duhu tun farko. Ga wanda ya san magani amma ya saki guba a farin buhu. Ga wanda ya sayar da ransa a kogi amma ya sauke kaya inda bai kamata ba. Da ku ne a kujerar nan, wa za ku tura karatu, ku kuma damƙa masa amanar manoma in ya dawo?