Yaron da Ba Ya Amsa Kira

An yi wata budurwa mai koyon aikin malanta. Da karatunta ya yi nisa, sai aka aike ta wata makarantar ikilisiya a ƙauye don sanin makamar aiki, aka ba ta ajin 'yan ƙanana waɗanda ba su daɗe da barin goyo ba. Ta zo da jaka cike da littattafai, tana ganin ba abin da zai gagare ta. Ran farko, kafin rana ta take, ta share majina, ta raba faɗa a kan marfin kwalba, ta tsamo wa wani takalminsa daga cikin randa. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da aka koya mata a kwaleji. Duk da haka ta ƙaunaci yaran, su ma suka manne mata.

Amma akwai yaro guda mai suna Barnaba, wanda ba ya amsa kira. In ta ce, "Barnaba," ko waiwayowa ba ya yi. Ta ɗaga murya, shiru. Ta matso kusa ta kira, sai ya bi ta da ido yana tsotsar yatsa. Abin ya dame ta ƙwarai.

Wata rana shugabar makarantar ta ce mata, "'Yata, ina jin yaron nan kunnensa ne ba lafiya. Ajinmu ba zai amfane shi ba. Ki je ki faɗa wa iyayensa su riƙe shi a gida tukuna."

Budurwar ta kama hanya zuciyarta ba daɗi, gama ba ta so a raba shi da 'yan'uwansa yara. Ta isa gidan ta yi sallama, uwar yaron ta shimfiɗa mata tabarma kusa da murhu. Suna cikin gaisuwa, tana neman ta inda za ta fara, sai uwar ta ce a hankali, ba ta ko juya ba, "Dattijo, miƙo mini ludayi." Nan take yaron ya fito a guje daga can bayan rumbu, da ludayi a hannunsa.

Budurwar ta yi sororo. Ta ce, "Mama, ba Barnaba ne sunansa ba?"

Uwar ta sunkuyar da kai tana dariya, ta ce, "Malama, ai sunan surukina ne aka mayar masa. Bakina ba zai iya faɗa ba. Tun ranar suna ba wanda ya ƙara kiransa haka a gidan nan. Babansa ne dai ya ba da shi a makaranta."

Sai budurwar ta yi wa kanta dariya har da hawaye, domin al'adar ba baƙuwarta ba ce. A gidansu ma akwai ƙanwarta da ake kira Uwani, saboda ta ci sunan kakarsu.

Kashegari ta tsuguna a gabansa ta ce, "Dattijo, ina kwana?" Ya washe baki ya ce, "Lafiya lau. Akuyarmu ta haihu." Daga ranar bakinsa ya buɗe, har ya zama sai an roƙe shi yake yin shiru. Shugabar ta yi murna, ba a kuma ƙara maganar mayar da shi gida ba.

To, ga ma'anar wannan misali. Yaron nan mu ne. Duniya tana kiranmu da sunaye iri iri, ba ma amsawa, domin ba ta san mu ba. Amma Ubangijinmu Yesu, Makiyayi nagari, bai tsaya daga nesa yana ƙwala kira ba. Ya sauko ya shigo har cikin gidanmu, ya zauna tare da mu, ya san kowannenmu ciki da waje. Shi ya sa ko a hankali ya kira, nasa sukan ji su taho.

Budurwar kuwa, mu ne kuma, iyaye da malamai da dattawan ikilisiya. Sau nawa muka kira wani bai amsa ba, muka ce taurin kai ne, ko kuwa ya riga ya ɓace? Mun ɗaga murya, mun kai ƙararsa, amma ba mu taɓa zama a tabarmar gidansu ba. 'Yan'uwa, kowannenku yana da wanda ya gaji da kiransa. Kafin ka fid da rai da shi, a makon nan ka je ka yi sallama a ƙofarsa.