Nomau Maigadi da Rumfar Bakin Kasuwa

Ku gyara zama, masu shayi ku rage hayaniya. Yau shari'a na kawo muku. Ni zan faɗi yadda aka yi, ku kuma ku yanke hukunci.

Akwai wasu garuruwa biyu da kogi ya raba, Tudun Marke da Gangaren Kanya. Kasuwar Laraba a Tudu take ci, shi ya sa duk mako matan Gangare sai sun tsallaka ruwa da kaya a ka, kuma ba a rasa wadda daddawarta ko ƙwaryar nononta ta bi kogi. Mutanen Gangare suka yi ta kai kuka wurin hakimi a dawo musu da kasuwar. Da ya gaji, ya ce bayan girbi a yi gasa uku: kokawa, tsere, da iyo. In Gangare ta cinye duka ukun, kasuwa ta koma can, kuma wanda ya tsaya wa garin a ba shi rumfa ta farko a bakin kasuwa. In ta faɗi ko ɗaya, kada a sake tayar masa da zancen.

Hakimi ya manta bai ce dole sai ɗan gari ba. Attajiran Tudu suka shiga birni suka ɗauko ƙwararru. Suka zo da wani ɗan kokawa da ake kira Ƙarami, wanda sai ya karkata yake shiga zaure. Suka zo da ɗan tseren da gudu ne sana'arsa, da takalminsa na musamman. Suka zo da wani Basarke, masunci ɗan gado, da aka ce a cikin ruwa yake yin barcin rana. Da labari ya iso Gangare, samarin garin suka watse. Wannan ya tashi da ciwon baya, wancan ya tuna yana da kawu marar lafiya a nesa.

To, akwai Nomau, maigadin makarantar firamare. Siririn mutum ne mai ɗan tumbi, kullum rediyo manne a kunne. Babu wasan da bai san dokarsa ba, babu kuma wanda ya taɓa yi. Ranar da aka taru ƙofar maigari ana jimami, sai ya fara abin da ya saba, yana cewa shi dai da shi ne, ya san ta inda ake kama irin waɗannan mutanen.

Maigari ya dube shi ya ce, "To ai kai ne, Nomau. Allah ya ba da sa'a."

Aka shafa fatiha kafin ya rufe baki. Nomau ya koma gida ya kasa cin abinci, ya raba wa 'ya'yansa kajinsa, ya nemi gafarar maƙwabta. Daga nan ya rantse a gaban jama'a cewa duk wanda ya fitar da shi daga wannan masifa da ransa, rumfar tasa ce.

Na farko da ya kawo masa ɗauki Sallau ne, mai tsire. Da safen gasar ya ga Nomau ya tuɓe riga, haƙarƙari a waje, ya ce ba za a kunyata gari da wannan jiki ba. Ya narka kitse ya mulke shi tun daga wuya har idon sawu, wai ko ya yi ƙyalli. Hannun Sallau kuwa ba ya rabuwa da yaji, kuma ranar ya ƙara da gangan. Aka buga ganga, Ƙarami ya kawo hannu ya cafki Nomau, sai ya sulɓe. Ya sake cafka, ya sake sulɓewa. Ya fusata ya sunkuya ya tura kai ƙarƙashin hammatarsa don ya ɗaga shi sama. Nan yajin ya same shi. Ya yi wata atishawa da ta sa jakuna kuka a bayan fili, ya yi ta biyu, a ta uku gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Nomau yana tsaye ido a rufe yana salati, bai san ya yi kaye ba sai da ya ji an ɗaga shi. Mutanen Tudu suka yi ƙorafi. Dattawa suka yi ta tunani, ba wanda ya tuna wata doka da ta hana yaji.

Ta biyu Gwaggo Tabawa ce, mai ƙosai. Tana da wani rago da ya tsani Nomau tun ranar da ya kore shi daga filin makaranta da sanda. Ragon nan ko muryar rediyonsa ya ji sai ya fara tonon ƙasa. Aka tsayar da 'yan tsere, za a tashi daga gindin kanya a ƙare a bakin mashaya. Ana busa usur ɗan birni ya ɓace, Nomau kuwa bai yi nisa ba ya dafe ƙugu yana haki. Gwaggo ta janyo ragon, ta nuna masa bayan Nomau, ta saki igiya.

Ta ɗaga murya ta ce, "Ɗan nan, in kana son ranka kada ka waiwaya."

Ya waiwaya. Waɗanda suka gani sun ce ba su ga ƙafarsa tana taɓa ƙasa ba. Shi kuma ɗan birni ya riga ya sassauta, yana ɗaga wa 'yan mata hannu, sai ya ji ihu ya wuce shi. Kafin ya gane abin da ake ciki, igiyar da ragon ke ja ta harɗe masa ƙafa, ya kife cikin kunyar dankali. Nomau ya wuce inda aka ja layi, ya wuce alƙalan, sai daga kan wata bishiyar giginya aka sauko da shi.

Na uku Cindo ne, tela. Shi kaɗai ya tsaya ya tambayi Nomau ko ya iya ruwa. Nomau ya ce ya san yadda ake yi. Cindo ya gane. Ya yanko tsohon tampol ya ɗinka masa wani wando da mutum uku za su shiga, ya tsuke bakin ƙafafun, ya bi ɗinkin da danƙo, ya ɗaure masa shi tamau a ƙugu. Aka ce a yi tsalle daga kan gaɓa a tafi har mashayar da ke ƙasa. Nomau ya ƙi tsalle, sai da Cindo ya taimaka masa da hannu biyu. Yana faɗawa iska ta cika wandon, ya taso kamar gora, ɗuwawu a sama, yana juyi yana kiran sunan mahaifiyarsa. Basarken ya ɗago kai ya ga wannan abu, dariya ta kama shi a tsakiyar kogi. Ya shaƙi ruwa, ya ƙware, ƙafarsa ta riƙe. Mutumin da bai taɓa neman taimako a ruwa ba ya laluba, bai sami abin kamawa ba sai wandon Nomau. Ya riƙe shi ta baya yana harba ƙafa ɗaya don ya tsira, yana tura Nomau gaba. Haka suka isa mashaya, Nomau a gaba, ƙwararre a baya.

Hakimi ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce magana ta ƙare. Kasuwa ta dawo Gangare, aka kafa rumfa a bakinta, inda duk mai shiga da mai fita sai ya bi. Nomau ya kwanta jinya, jiki duk raɗaɗin yaji, ya ce shi yana nan a kan rantsuwarsa, amma rumfa ɗaya ce, kuma ba ta rabuwa, don ba a haɗa hayaƙin tsire da mai mai tafasa da yadin mutane wuri guda.

Sallau ya ce da Ƙarami ya sami inda zai riƙe, da ba tsere za a yi ba, jana'iza za a yi. Gwaggo Tabawa ta ce kitse ba ya gudu, kuma ita kaɗai ta yi asara, don ragonta tun ranar yake ɗingishi, ga shi ta riƙe Nomau yana jariri. Cindo ya ce su biyun kunya suka fitar da shi, shi kuwa daga bakin mutuwa ya ɗauko shi, har da ribar Basarke. Sallau ya ce ai shi Cindon ne ya tura shi ruwan. Cindo ya ce Gwaggo ma rago ta sakar masa.

Har yanzu rumfar tana nan ba kowa, awaki ke kwana a ciki, Laraba kuma tana ta zuwa tana wucewa. To ku da kuke zaune, mai kitse, ko mai rago, ko mai wando, wa za a ba rumfar nan?