Rigar da Hashimu ya zuba wa ƙaiƙayi

Akwai wani yaro a Runka, zamanin da Bature ke mulki, sunansa Hashimu. Shi ne ɗan farin Malam Kabo. Kun dai san kunyar ɗan fari a wurin mutanen da: tun da aka haife shi, uban bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai yaron nan".

Malam yana da amini a Batsari, wani mai sayar da ƙiraga da fatu wai shi Sada. Suka shirya musayar 'ya'ya na shekara guda. Ɗanjuma ɗan Sada zai zo Runka karatun littattafai, Hashimu kuma ya tafi Batsari ya shiga elementare.

Ran da za a kawo baƙon, Malam da kansa ya sa aka share zaure, aka yanka zakara. Da hantsi sai ga Ɗanjuma a kan jaki, kawunsa Mani na biye. Yaron ya sauko, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Malam.

"Allah gafarta Malam, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau, Ɗanjuma! Matso kusa da ni. Ya hanya? Ya ka baro Sada da mutan gida?"

Ya dafa kansa, ya zaunar da shi a gefen buzunsa, har ya miƙa masa cinyar zakara da hannunsa. Hashimu na tsaye a bakin ƙofa riƙe da buta, zuciyarsa na tafasa. Yau ga baƙo ko ƙafa bai wanke ba, an kira sunansa ya fi a ƙirga, shi kuwa da aka haifa a gidan ko kallo bai samu ba. Ya gama yanke wa kansa hukunci: korarsa za a yi, an sami ɗan da ake so.

Da Ɗanjuma ya miƙo masa hannu yana murmushi, sai ya ba shi yatsu biyu ya kau da kai.

Bayan la'asar Hashimu ya leƙa ɗakin Malam, ya ga sabuwar rigar saƙi a ninke, da aiki a wuya. Wato har riga aka ɗinka wa baƙo! Ya zagaya bayan rumbu inda mata suka yi sussuka, ya dumbuzo ƙaiƙayin gero, ya barbaɗe cikin rigar tas, ya ninke ta yadda take. Ranar ya ci tuwo da daɗi, ɗan banza.

Da safe aka ɗaura wa jaki kaya, Mani zai koma Batsari da Hashimu. Malam ya fito da rigar, ya miƙa wa Ɗanjuma. Hashimu ya gyara tsayuwa zai sha kallo.

"Ungo," in ji Malam, idonsa na kan jaki. "Ba ɗan'uwanka ya sa. Kada ya shiga garin mutane da tsumma."

Hashimu ya duba hagu da dama. Ga jama'a tsaye, babu damar musu. Ɗanjuma da kansa ya zura masa ita, har yana gyara masa wuya yana cewa ta yi masa kyau.

Ba su wuce gonakin bayan gari ba jikinsa ya ɗauki wuta. Yana mutsu-mutsu a kan jaki, hawaye na zuba. Mani ya zaci kukan rabuwa ne.

"Yi haƙuri ɗana. Wanda ke da uba irin naka dole ya yi kuka."

"Kawu, ai ba ya so na. Ɗanjuma yake so."

Mani ya tsayar da jaki, ya dube shi.

"Mi ka ce? Mutumin da ya tako da ƙafa har Batsari cikin damina don ya ga ɗakin da za ka kwana? Duk abin da ya yi wa Ɗanjuma jiya, yi ya yi don in gani, in je in faɗa wa Sada, shi ma ya riƙe ka haka. Ba zai iya buɗe baki ya ce a kula mashi da kai ba. Waiwaya ka gani."

Hashimu ya waiwaya. Can nesa ga Malam tsaye a bakin gona, wai dawa yake dubawa, alhali gonar ma ba tasa ba ce.

Sai yanzu kukan gaske ya zo. Da Mani ya ga wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu, ya ce ya tuɓe rigar a kakkaɓe. Hashimu ya ƙanƙame ta.

"A'a Kawu, bari sai mun sha kwana. Yana kallo."

Darasi: Kafin ka yi hassadar abin da aka yi wa wani, bincika, wataƙila dominka aka yi. Ba kowane mai ƙaunarka ne ke iya faɗa da baki ba, kuma muguntar da ka shirya wa baƙo kai za ta fara ci. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu ganin iyayensu ba su damu da su ba.