Jan Kofin Rhonda

Akwai wani mutum a garinmu na bakin tafki, can arewacin Wisconsin, ana ce masa Curtis Novitski. Shekarunsa hamsin da huɗu, ashirin da takwas daga ciki a masana'antar takarda ya yi su, kuma bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Wannan shi ne abin tinƙahonsa. In kuka zauna minti biyar sai ya gaya maka, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Lokacin da matarsa Rhonda take raye suna da wata al'ada. Idan hunturu ya kankama tafki ya daskare, Curtis kan ja ɗan ɗakinsa na katako ya kafa a kan ƙanƙara kamar sauran maza, ya huda rami a tsakiya ya zura ƙugiya. Rana na shirin faɗuwa sai Rhonda ta zuba barasa a kofi biyu, shuɗi nasa, ja nata. Su sha, su yi hira, su tattara kifinsu su koma gida. Da zafi kuma a barandar gida suke yi.

Rhonda ta rasu, amma Curtis bai daina zuba kofi biyu ba.

Sai ya sha nasa, ya zauna yana ba jan kofin labarin yini. In zai tashi sai ya ce Rhonda ba ta son almubazzaranci, ya ɗauka ya shanye. Ranar da hira ta yi daɗi har ƙari yake yi mata, sau biyu, sau uku. Amma nasa ɗaya ne tak. Kowa ya tambaye shi haka yake faɗa, kuma abin tausayin shi ne da gaske yake.

Maƙwabcinsa a kan ƙanƙarar wani dattijo ne, Duane. Shi kam giya ta taɓa yi masa tas, ta raba shi da mata da aiki. Yanzu shekararsa tara rabonsa da ita, kuma duk Talata yana zuwa taron masu fama da shaye-shaye a ɗakin ƙasa na coci.

Wata yamma Duane ya leƙo ya ga kofuna biyu a kan benci.

"Baƙo ka yi ne, mutumina?"

"Na uwargida ne."

"To ita uwargidan, wa ke shanye mata?"

Curtis ya yi tsaki. "Kai dai tafi wajen 'yan'uwanka ku zauna da'ira ku yi ta kuka. Ka taɓa ganin an ɗauko ni daga kwata? Ka taɓa jin na zagi wani? Ni a ɗakina nake, ni kaɗai, kofi ɗaya."

"Ni ma ni kaɗai na fara," in ji Duane, ya ja ƙofa ya tafi.

Curtis yana da 'ya guda, Kendra, malamar makaranta mai shekara ashirin da bakwai. A wannan hunturun ƙodojinta suka gaza. Sau uku a mako ake kai ta wankin ƙoda, ta dawo kamar an matse tsumma. Layin masu jiran dashen ƙoda kuwa na shekaru ne, jikinta kuma ba na jiran shekaru ba ne.

Aka gwada uban, aka ce ƙodarsa za ta yi mata. Ranar har rawa ya taka a harabar asibiti. Ya riƙe hannunta ya ce, "Shi ke nan 'yar Baba, kin warke. Biyu gare ni, me zan yi da su?"

Likitar da ke tantance shi ta duba sakamakon jininsa, ta tambaye shi ko yana shan giya. Ya ce kofi ɗaya. Ta sake duban takardar.

Ransa ya sosu. "Likita, ki gaya min gaskiya. Mutum ya sha kaɗan, shi kaɗai, bai dami kowa ba, sai a ce masa mashayi?"

"Ba lallai ba ne," in ji ta. "Akwai masu yin haka kuma ba ta kama su ba. Hanyar ganewa ɗaya ce. Ka ajiye ta wata biyu, ko ɗigo, ka dawo mu sake gwada jinin. In ya fito tas, sai mu sa ranar aiki."

"Wata biyu kawai? Ai ko shekara ce."

Ya koma tafki, ya wanke shuɗin kofinsa, ya kife shi a kan kantar ɗakin.

Kwana tara ya yi. Da safe lafiya lau, da rana ma haka. Amma da zarar rana ta karkata sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya tashi, ya zauna, ya gyara ƙugiyar da ba ta lalace ba. Shirun ɗakin ya yi masa yawa, domin ba kofin ba hira, ba hira kuma ba Rhonda.

Rana ta goma ya ce wa kansa ai shi aka hana, ba ita ba. Ya zuba mata. Ya ba ta labarin Kendra har ya yi hawaye. Da zai tashi sai ya dubi kofin, ya tuna ba ta son almubazzaranci.

Haka ya ci gaba kullum. Shuɗin kofin yana kife har ƙura ta hau shi, kuma duk wanda ya leƙo sai Curtis ya nuna masa. "Ka gani? Na daina."

Duane ya gani. Ya kuma ga jan kofin a jiƙe. Ya ce, "Curtis, don girman Allah, ba da bakin Rhonda ake sha ba. Jininka za a gwada, ba kofinka ba. Zo mu je ranar Talata, ni zan ɗauke ka."

Curtis ya bi shi kuwa, har bakin matakala. Da ya hango kujerun a da'ira, ya gane fuskar wani da ya taɓa kora daga aiki saboda maye, sai ya ja baya. "Ni ba irinsu ba ne," ya ce, ya juya.

Wata biyu suka cika. Likita ta ajiye takardar a gabansa, ta ce jinin ya nuna yana sha, ba za su yi masa aiki a haka ba, sai ya nemi taimako ya yi wata shida cur.

Shi ya je ya gaya wa Kendra, tana kwance jikin na'ura. Ya fara rantse-rantse cewa bai taɓa kofinsa ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce a hankali, "Na sani, Baba. Na Mama kake sha. Tun ina zuwa wanke maka kwanuka na sani." Ta juya fuskarta bango. "Mama ta tafi, ba ta jin ƙishi. Ni ce nake nan."

Ya fita yana kuka kamar yaro. Ya sake ɗaura niyya, ya yi mako uku. Ya sake, ya yi kwana goma sha ɗaya. Ko yaushe shi kaɗai, don har lokacin yana ganin neman taimako na mashaya ne. Wata shidan ba su taɓa cika ba. Kafin tafki ya sake daskarewa zuciyar Kendra ta gaji, aka binne ta kusa da mahaifiyarta.

Bana ma Curtis ya kafa ɗakinsa a inda ya saba. Duane ya leƙa shi makon jiya da yamma. Sai da na matsa masa ya gaya min abin da ya gani. Kofi uku ne yanzu a kan bencin, shuɗi da ja da wani ɗan fari mai hoton fure, na Kendra. Curtis ya ɗago ya dube shi ya ce, "Kar ka fara. Ɗaya nake sha."

Darasi: Kada ka auna kanka da wanda ya faɗi a kwata ka ce kai lafiyarka ƙalau. Abin da kake kira kaɗan, gwada ajiye shi tun babu ran kowa a kai. In ka kasa, ya riga ya kama ka, kuma neman taimako ba abin kunya ba ne. Ku tura wa wanda kuka san yana cewa "ai ɗaya ne kawai", tun yana da wanda zai daina dominsa.