Kiran Ƙarshe Daga Kumbon Mantau

Ku gyara zama, yau rigima na kawo muku.

An yi wani mutum, Mantau, da aka tura sararin samaniya cikin kumbo shi kaɗai, tafiyar shekaru. Ba gero, ba wake. Abincinsa wata gansakuka ce mai gina jiki, da yake nomawa a tankin ruwa ƙarƙashin fitila. Kada ku yatsine fuska, yunwa ba ta san ƙyama ba. Ban da shi, ita kaɗai ce mai rai a kumbon, har gaishe ta yake yi in ya tashi. Ni kam abin tausayi yake ba ni.

Ana nan sai gansakuka ta fara mutuwa, koriya ta koma ruwan ɗorawa. In ta ƙare, shi ma ya ƙare.

Yayansa Tanimu yana aiki a tashar da ke lura da kumbon. Ya ƙaurace wa gidansa ya tare a kan hotunan tankin, har ya gano ruwan ne ya yi tsami, kanwa ce maganinsa. To, wa ke tallar kanwa a sama?

Ashe mahaifiyarsu, Iya Kande, ta riga ta yi aikinta. An hana cusa komai cikin kayan matafiyi, ita kuwa ɗanta ba ya tafiya babu kanwar ciwon ciki, ko ƙauyen gaba za shi. Ta ɗinke ƙulli guda cikin matashin kansa. Da labari ya iske ta, ta tona wa kanta asiri.

Kafin a kai ga haka, yunwa ta ci ƙarfin Mantau, ya ɗauko kwalbar da ya adana 'yar gansakukar da ta rage da rai zai shanye. Matarsa Sahura ta tare shi ta rediyo: "Baban Hanne, ɗan manomi ne kai. A gidanku an taɓa cin iri?" Ya ajiye kwalbar yana kuka.

Da wannan iri da kanwar Iya gansakuka ta farfaɗo. Sai dai yanzu tana bukatar ƙarin haske, wuta kuma ba za ta ɗauki fitila da rediyo tare ba. Dole ya kashe rediyo har ya dawo, in da rabon dawowa. Tanimu, Iya da Sahura kowa yana wajensa daban, wutar da ta saura wa rediyo kuwa ta kiran mutum ɗaya ce.

To, ku faɗa mini: muryar wa ta cancanci ya tafi da ita cikin wannan shiru?